Darasi na 14: Masu Ƙidayar Tsuntsaye Daga Muhandisin

Kafin a fara karatu, malam ko malama su tambayi aji: yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta? Duk wanda ya haura shekara arba'in zai tuna lokacin da ungulaye ke jeruwa a kan katangar kwata, sai an kore su da sanda kafin su matsa. Yau akwai yaran da suka yi wayo a birni ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Sai a yi tambaya ta biyu: guda nawa ne a da, kuma a wace shekara suka fara raguwa? Nan aji zai yi tsit. Kowa ya shaida an yi rashi, amma ba wanda ya rubuta. Darasin yau a kan masu rubutawa ne, kuma za mu je mu same su a inda ba a zato, wata unguwar dogayen benaye a ƙasar Masar.

Unguwar injiniyoyi

Muhandisin tana yammacin Kogin Nilu, a ɓangaren Giza na birnin Alƙahira. Ma'anar sunan da Larabci ita ce injiniyoyi. Har zuwa wajen 1950 wurin gonaki ne, baƙar ƙasa mai albarka wadda ambaliyar Nilu ta yi dubban shekaru tana shimfiɗawa. Daga baya aka yanka filaye aka raba wa ƙungiyoyin ma'aikata, irin su injiniyoyi da 'yan jarida da malaman makaranta, kowa ya gina gidansa da ɗan lambu. Da kuɗi ya shigo a shekarun 1970, sai aka rushe yawancin gidajen aka ta da benaye. Tsohon ƙauyen Mit Uƙba, inda kulob ɗin ƙwallo na Zamalek yake da mazauni, yana nan har yau, birni ya yi masa zobe. Wanda ya tsaya a babban titin Jami'atud Duwal al-Arabiyya ba abin da zai gani sai motoci da kantuna da gidajen abinci.

Duk da haka, mai lura zai ga kurciya a kan taga, hankaka a kan bola, alhudahuda yana tonon ƙasa a ɗan filin ciyawa, da magariba kuma jemagu su fito daga itatuwa. Kudu kaɗan, a wajen gidan namun daji na Giza da aka buɗe a 1891, balbelu sun daɗe suna sheƙa a kan dogayen itatuwa. Misirawa suna ce wa balbela Abu Ƙirdan, suna kuma kiranta abokiyar manomi domin tana cinye tsutsar gona. Shirwa kuwa, wadda a da ta cika sararin Alƙahira, ta yi wuyar gani kamar yadda ungulu ta yi a wurinmu.

A tsakiyar unguwar akwai masallacin Mustafa Mahmud, wanda aka gina a 1979. Mai sunan likita ne kuma marubuci, an haife shi a 1921, ya rasu a 2009. Ya yi shekaru yana gabatar da wani shiri a talabijin mai suna Al-Ilmu wal-Iman, wato ilimi da imani, har kashi wajen 400, inda yake nuna wa mutane rayuwar tururuwa da zuma da kifi da taurari, yana bayani cikin harshen da talaka ke ganewa. A jikin masallacin ya buɗe asibiti don marasa ƙarfi, da ɗakin ajiye duwatsun tarihi, da wurin duban taurari. Misirawa da yawa a bakin wannan bawan Allah suka fara jin cewa duban halitta da idon basira ba aikin Turawa masu yawon buɗe ido ba ne kawai.

A 2005 wasu Misirawa masana tsuntsaye da dabbobi, cikinsu har da Sharif Baha'uddin, suka kafa ƙungiya mai suna Nature Conservation Egypt, wadda ta yi zaman ofis a nan Muhandisin. Ba ta gwamnati ba ce. Ita ce abokiyar aikin ƙungiyar duniya ta BirdLife International a Masar, kuma tana aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatar muhalli. Ta irin wannan ƙofa ne ɗalibi ko akawu ko ɗan fansho, wanda bai taɓa kwana a daji ba, yake shiga aikin kare namun daji.

Gwamnati tana da doka, amma idonta bai isa ko'ina ba

A 1982 Masar ta kafa hukumar kula da muhalli. A 1983 aka yi Doka mai lamba 102, wadda ta ba gwamnati ikon keɓe wuri ta hana farauta da sare itace da gini a cikinsa. A wannan shekarar aka keɓe wuri na farko, Ras Muhammad, a ƙarshen kudancin Sina'i. Doka mai lamba 4 ta 1994 ta ƙara hana kama wasu dabbobi da sayar da su. Yau wuraren da aka keɓe sun kai wajen 30, sun ɗauki kusan kashi 15 cikin 100 na ƙasar. Wasu suna bakin Alƙahira, kamar Wadi Digla, kwari mai farin dutse a gabashin unguwar Ma'adi, wanda aka keɓe a 1999.

A yi tunani a kan wannan faɗi. Kashi 15 cikin 100 na Masar ya fi jihar Kano girma ninkin baninkin, galibinsa hamada da duwatsu da gaɓar teku. Ma'aikatan gandun daji, waɗanda mu muke ce wa malaman daji, ba za su iya tsayawa a kowane kwari ba. Doka a takarda take. Kafin ta yi aiki sai wani ya gani da idonsa, ya rubuta, ya kai rahoto. Shi ya sa a gandun Santa Katarina, cikin duwatsun Sina'i, hukuma ta ɗauki Badawiyawan wurin a matsayin masu gadin muhalli, tunda su suka san kowace rijiya da kowane sawu. Waɗannan ana ba su ɗan alawus. Bayan su kuma akwai masu zuwa ba don ko sisi ba.

A tsaya nan a gyara wata kalma. A Arewa yanzu, in an ce 'yan sa kai, hankali yakan tafi ga masu ɗaukar makami don tsaron ƙauye. Sa kan da muke nufi a wannan darasi daban yake. Ya fi kusa da aikin gayya: mutum ya ba da ƙarfinsa da lokacinsa don abin da zai amfani kowa, ba tare da an biya shi ba. Kayan aikinsa biro da littafi da madubin hangen nesa.

Mafi sauƙin shiga shi ne aikin shara. Ana shirya ranakun tsince leda da robobi a Wadi Digla, domin dabba takan haɗiyi leda ta mutu. A 2018 wasu matasa suka fara wani shiri mai suna VeryNile, wanda yanzu yake da mazauni a tsibirin Ƙursaya, kudu da Muhandisin. Masunta suna kwaso robobi daga kogi ana biyansu a kan kilo, 'yan sa kai kuma suna fitowa ranakun gayya. Aiki ne mai kyau, kuma ana ganin amfaninsa nan take. Amma wanda ya fi shi nauyi, ya fi shi buƙatar haƙuri, shi ne ƙidaya.

Dalilin da tsuntsaye ke bi ta Masar

Manyan tsuntsaye irin su mikiya da shaho da ungulu da kwasakwasa da farar shamuwar Turai ba su iya doguwar tafiya da kaɗa fiffike, domin jikinsu yana da nauyi. Dabararsu ita ce su jira rana ta gasa ƙasa. Iska mai zafi takan tashi sama kamar guguwa marar ƙura, sai tsuntsu ya baza fikafikansa a cikinta, ta yi ta juyawa da shi har ya yi nisa, daga nan ya zamo a hankali zuwa wata guguwar. Duk wanda ya taɓa kallon shirwa tana shawagi da hantsi ya ga wannan. To, a kan teku irin wannan iska ba ta tashi sosai. Saboda haka tsuntsun da ya fito daga Turai ko Asiya zai nufi Afirka dole ya nemi inda ƙasa ta haɗe, ko inda ruwa ya tsuke. Wuraren kaɗan ne, kuma Suwez da gaɓar Bahar Maliya suna cikin manyansu. Fiye da tsuntsaye miliyan ɗaya da rabi, iri 37, suna bin wannan hanya, su gangara kudu da kaka, su koma arewa da bazara.

Dutsen Galala yana kallon mashigin ruwan Suwez, kusa da Ainus Sukhna, tafiyar kamar awa biyu da mota daga Alƙahira. Tun 2022 Nature Conservation Egypt take shirya ƙidayar bazara a kansa tare da ma'aikatar muhalli, kuma ana karɓar 'yan sa kai. Tun da safe ake hawa. Wani yana duba sama, wani yana kiran suna da adadi, wani yana rubutawa, haka har la'asar, kullum, wata da watanni. Ba a taɓa tsuntsun, ba a ba shi abinci, shi bai ma san ana yi ba.

Mai karatu zai ce, to ina amfanin? Kudu da Galala, a yankin Jabaluz Zait da Ras Garib, an kakkafa ɗaruruwan manyan fankokin da ke samar da lantarki da iska, a daidai hanyar tsuntsayen. Fiffiken fanka in ya sami shamuwa, ta gama. Saboda an san watannin wucewarsu da tsayin da suke tashi, aka tsara cewa a lokacin ƙaura masu lura za su tsaya a wurin, da sun hango garke ya nufo sai su ba da sanarwa a tsayar da fankokin da ke gabansa har ya wuce. Waɗannan masu lura ma'aikata ne, ana biyansu. Amma ba kamfanin da zai yarda ya tsayar da injinsa saboda an ce masa tsuntsaye suna da yawa. Sai an ajiye masa lissafi a gabansa.

Labarin tsuntsaye biyu

A ƙarshen watan Agusta na 2013, wani mutum a lardin Ƙina ya ga farar shamuwa da wata na'ura maƙale a jikinta. Lokacin ƙasar tana cikin ruɗani, sai ya ɗauka kayan leƙen asiri ne, ya kama ta ya kai wa 'yan sanda. Na'urar ta bin sawu ce, masana a ƙasar Hangari suka ɗaura mata don sanin hanyar ƙaurarta, suka sa mata suna Menes. Mutanen Nature Conservation Egypt suka shiga tsakani, aka sake ta a wani keɓaɓɓen wuri kusa da Aswan. Bayan 'yan kwanaki aka sami labarin an kama ta an cinye. Duniya ta yi ta yayata kamun, amma abin da ya fi ciwo shi ne mutuwar. Mutumin da ya kai ta ofishin 'yan sanda bai yi mugunta ba, bai sani ba ne, kuma ba wanda ya taɓa zama da shi ya yi masa bayani.

Na biyun ya fi kusa da gida. A 2013 masana a ƙasar Girka suka ɗaura irin wannan na'ura a jikin wata 'yar farar ungulu, irin da Turawa ke kira ungulun Masar, suka sa mata suna Paskalis. Ta ƙetaro zuwa Afirka lafiya, ta sauka a Nijar. A farkon 2014 wani maharbi ya kashe ta a can, sawun na'urar kuma ya nuna an shigo da ita Nijeriya, inda ake sayar da sassan ungulu don tsubbu. Wahalar da aka sha a Girka, da ta masu tsaron hanya, duk ta ƙare a hannun mutum ɗaya a yankinmu. Don haka darasin Muhandisin ba labarin nesa ba ne. Tsuntsun da aka ƙirga a Galala yana iya zama wanda ya sha ruwa a fadamarmu.

Akwai kuma ƙananan tsuntsaye, su salwa da 'yan uwanta, waɗanda ke ƙetare Bahar Rum da kaka, yawanci da dare, su iso gaɓar Masar a galabaice. A nan ake kafa musu raga, wadda aka ba da rahoton tsawonta ya kai wajen kilomita 700 a bakin teku. A 2015 BirdLife International ta ƙiyasta cewa ana kashe tsuntsaye wajen miliyan 5.7 a Masar duk shekara ba bisa doka ba. Kamun salwa tsohuwar sana'a ce a can, kuma doka ta yarda da ita a lokacinta ga mai lasisi. Ɓarnar ita ce raga ba ta zaɓe, ga kuma masu kunna kukan tsuntsu a lasifika don su jawo garke. Yawancin masu ragar talakawa ne da ke jiran wannan kaka kamar yadda manomi ke jiran girbi. Ɗan sa kan da ya taso daga unguwar masu hali ya je yana yi musu kallon ɓarayi ya ɓata aikin tun kafin ya fara. Wanda ya yi sallama, ya zauna, ya sha shayi, ya tambaya, shi ne zai ji wace raga ce ke kama me, kuma a wane mako.

Yadda ake ƙidaya

Kowace takardar ƙidaya tana farawa da abu huɗu: rana, wuri, lokacin farawa da na gamawa, da yanayin gari, ko akwai hazo ko iska ko hadari. In babu waɗannan, lissafin ba shi da amfani, domin ba za a iya kwatanta shi da na baɗi ba. Wanda ya ga balbela 50 cikin minti goma da wanda ya ga 50 cikin yini guda ba abu ɗaya suka gani ba.

In garke ya yi yawa, ba a bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai a ƙirga goma daga gefe, a riƙe girman wannan goman a ido, a riƙa aza shi a kan sauran: goma, ashirin, talatin. In sun kai dubbai, a yi da ɗari ɗari. Mai awon hatsi ya san wannan hikima, ba ya ƙirga ƙwaya, mudu yake cikawa.

Sai abin da ya fi kowanne wuya, wato gaskiya. Ranar da aka zauna awa guda ba a ga komai ba, a rubuta sifili. Sifilin nan shaida ce, kuma da an riƙa rubuta irinta a mahautanmu, da mun san shekarar da ungulu ta fara ɓacewa. In tsuntsu ya wuce ba a gane shi ba, a rubuta "ban gane ba", a kwatanta girmansa da launinsa. Kada a ƙara adadi don a burge shugaban aiki, kada a sa sunan tsuntsun da ake marmarin gani alhali ba a tabbatar ba. Takardar nan za ta shiga hannun wanda bai san ka ba, wataƙila bayan shekara ashirin, ya gina hukunci a kanta. Amana ce. Haka kuma wanda ke zuwa wuri ɗaya duk mako, ko da rabin awa ne, ya fi wanda ya zo sau ɗaya ya kwana uku.

Ɗan sa kai yana da iyaka. Ba ya kama mutum, ba ya ƙwace tarko ko bindiga. In ya ga saɓa doka, ya rubuta wuri da lokaci ya sanar da malaman daji. Ba ya shiga keɓaɓɓen wuri sai da izini. Ba ya taɓa ƙwai ko ɗan tsako. In ya gano sheƙar tsuntsu mai tsada kamar shaho, ba ya sa hotonta da sunan wurin a Facebook, domin masu kamawa su ma suna karatu.

A wajenmu

Ƙofofin suna nan a buɗe. A watan Janairu na kowace shekara ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama, aikin da aka fara tun 1967, kuma fadamar Haɗeja da Nguru tana cikin wuraren da ake yi, tare da ƙungiyar Nigerian Conservation Foundation wadda aka kafa a 1980. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI, wadda tun 2015 take tattara rahoton 'yan sa kai daga jihohi don zana taswirar tsuntsayen Nijeriya. Ga Yankari a Bauci, ga Falgore a Kano. A Nijar kuma, raƙuman dawa na yankin Kure, kudu maso gabas da Yamai, sun ragu har saura 49 a 1996. Da gwamnati da mutanen ƙauyukan suka haɗa hannu, ana ƙirga su ana bambanta kowanne da zanen jikinsa, sai ga su sun haura 600 bayan shekara ashirin da 'yan kai.

Tambayoyi

1. Me ake nufi da sunan Muhandisin, kuma me ke wurin kafin a gina unguwar?
2. Ku yi bayani da bakinku: me ya sa manyan tsuntsaye suke guje wa ƙetare teku?
3. Me ya sa ake rubuta sifili a takardar ƙidaya?
4. Misali don lissafi: wata ɗaliba ta ƙirga balbela 40 ran Asabar, 65 ran Lahadi, 0 ran Litinin. Nawa ne jimla? In an raba wa kwana ukun daidai, nawa ne a kowace rana?
5. Ku tattauna: da ku ne kuka tarar da mai ragar salwa, ko mai sayar da kan ungulu a kasuwa, da wace magana za ku fara?

Aikin mako

Ku rabu biyu biyu. Kowane rukuni ya zaɓi wuri ɗaya kusa da gida: kududdufi, mahauta, bakin kasuwa, ko wata tsohuwar tsamiya da tsuntsaye ke kwana a kai. A je sau uku cikin mako, a lokaci ɗaya, a zauna minti talatin. A rubuta rana da wuri da lokaci da yanayin gari, sannan sunan kowane tsuntsu da adadinsa. Wanda hannunsa bai nuna a rubutu ba ya yi ƙidaya, abokinsa ya rubuta, kashegari su yi musaya. Kowane rukuni kuma ya sami dattijo ko dattijuwa a unguwa, ya gaishe su, ya ce: "Baba, ko Inna, waɗanne tsuntsaye ne kuke gani a nan kuna yara waɗanda yanzu babu su?" A rubuta sunayen yadda suka faɗa, a kawo takardun aji ranar darasi na gaba, malam ya haɗa su cikin littafi ɗaya ya sa kwanan wata.